Kuɗin lesin da bashin da yaro ke ɗauka a kai

'Yan uwa ɗalibai, kafin mu shigo jami'a kusan dukkanmu mun zauna a bencin lesin, amma ba kowa ke tambayar ta ina abin ya faro ba. A Kudancin Kaduna boko ya shigo ne ta makarantun mishan irin na SIM a Kagoro, ga kuma jirgin ƙasa da ya mai da Kafanchan mahaɗa tun shekarun 1920. Iyayenmu sun ga mai takarda ya samu aikin reluwe ko malanta, sai suka riƙe karatu da hannu biyu. A lokacin makarantar safe ta wadatar.

Abin ya sauya ne a hankali. UPE ta 1976 ta cika azuzuwa, JAMB ta zo a 1978 ta zama ƙofa ɗaya tilo ta shiga jami'a, SAP ta 1986 kuma ta cinye darajar albashi, malami ya koma neman na cefane da yamma. A 2005 jami'o'i suka ƙara tasu jarrabawar bayan ta JAMB, a 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron ƙauye da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, dole a turo shi Kafanchan ya koya, a biya masa lesin da ɗaki da abinci.

To kuɗin daga ina? A Kachia da Kwoi, yawanci citta ce. Nan ne abin ya fi damuna. Na koyar da lesin a hutu, na ga yaran nan da idona. Yarinya 'yar shekara 16 ta san buhu nawa aka sayar saboda ita, don ana faɗa mata kullum. Ba ta barci, ga ciwon kai, idan ta faɗi gwaji sai ta ƙi cin abinci. A gida a ce lalaci ne ko iska. Da cuta ta cinye cittar a 2023, iyaye da yawa ba su fasa biya ba, bashi suka ci, yaran kuma sun sani sarai.

Ban ce lesin ba ya amfani ba fa, ni ma shi ya fitar da ni a lissafi. Hana shi ma ba ya aiki: Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, masu kuɗi suka ci gaba a ɓoye, kotu ta soke dokar a 2000. Amma ku tuna JAMB ta 2025, inda fiye da ɗalibai miliyan 1.5 suka kasa kai maki 200, daga baya shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya ce matsalar na'ura ta shafi kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas. Kafin ya faɗa, yara nawa aka riga aka yi wa gorin kuɗin lesin?

Wanda abin ya yi wa tsanani a wajenmu, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa, cikin Kaduna, tafiyar awanni daga Kafanchan, kuma kuɗin motar ma an riga an kai wa mai lesin.