Allura da Ɗigon Baki

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, maganin nan penisilin ya fara wadata a asibitocin ƙasar nan. Masu ciwon sanyi da masu miyagun gyambuna suka ga abin mamaki, gama cutar da ta daɗe tana cinsu sai ta kau cikin 'yan kwanaki. Tun daga nan allura ta yi suna. Har ya zamana in likita ya sallami majiyyaci da ƙwayoyi kaɗai, sai ya fita yana gunaguni, wai ba a duba shi ba. Ko mura ce, wadda kan tafi don kanta, in an yi allura ta wuce, allurar ake yaba wa.

Dalili kuwa shi ne, zuciyar ɗan Adam ta fi gaskata abin da ido ya gani da wanda jiki ya ji zafinsa. To, rigakafi ba shi da wannan gata. Yaron da aka tsare daga cuta ba ya zama abin labari, amma wanda ya mutu bayan shan magani, gari duka zai ji.

An ga haka a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji na yara wajen 200, inda 11 suka rasu. Abin ya zauna a zukata. Da aka zo 2003, ji-ta-ji-ta ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, sai gwamnatin jihar ta dakatar da shi har watan Yuli na 2004. Iyaye ba su ƙi don ƙiyayya ga 'ya'yansu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma cutar ta samu hanya, ta shanye ƙafafun yara, ta ƙetare har Sudan da Indunusiya.

Abin da ya gyara al'amarin shi ne shigar sarakuna da malamai, waɗanda suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. Watau ido ya sāke gani. A 2020 aka tabbatar wannan cuta ta asali ta ƙare a Afirka.