Rabon mazaɓun kansiloli a Funtua da Malumfashi

Mazaɓar kansila, wadda wasu ke kira gunduma, ita ce yanki mafi ƙanƙanta da ke tura wakili zuwa majalisar ƙaramar hukuma. Kowace mazaɓa kujera ɗaya take da ita, ko mutanenta sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Jihar Katsina, wadda aka ciro daga Jihar Kaduna a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Ƙaramar hukumar Funtua na da mazaɓu 11, ciki har da Maska, Dukke, Jabiri da Maƙera. Malumfashi na da 12, irin su Dayi, Karfi da Yaba.

Yawancin iyakokin nan tun 1996 aka shata su, zamanin mulkin soja, kuma ba a sake fasalinsu ba. Ƙidayar 2006 ta ba Funtua mutum fiye da 220,000, Malumfashi kuwa kimanin 180,000, amma Malumfashi ta fi ta kansila ɗaya. A cikin Funtua kanta ma, unguwannin gari sun cika sun batse saboda kasuwa da hada-hadar auduga da hatsi, alhali ƙuri'ar kansilansu a zauren majalisa daidai take da ta kansilan ƙauye. Mutanen karkara kuma nasu kukan shi ne nisa: kansila guda ga ƙauyuka barkatai.

A 2021 hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta ƙara rumfunan zaɓe a faɗin ƙasa, ba ta taɓa mazaɓun ba. Zaɓen kansiloli kuwa hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi. A na Fabrairun 2025, jam'iyyar APC ce ta lashe dukkan kujerun.