Tarihin aikin riga da hula: kwana nawa allura take ci?

Ya kai mai karatu, tuɓe hular da ke kanka ka juya cikinta. Duba zaren nan da kyau. Ka taɓa tambayar kanka kwana nawa wani ya yi zaune kafin ta zama hula? In mun je kasuwar Gure mukan tambayi kuɗin hula, mu taya, mu yi ciniki, mu tafi. Ba safai muke tambayar kwanakin da ta ci ba. To, yau kwanakin nan za mu bi, tun daga zamanin kakanni har zuwa namu.

A da, kafin allura ta taɓa riga, riga ta riga ta ci watanni. Manomi ya shuka auduga da damina, ya tsince ta da kaka. Mata su gurje ta a fitar da angurya, su shiɓe ta, sannan su zauna da mazari suna kaɗi. Kaɗi shi ne mai cin lokaci. Masaƙi ɗaya yana iya cinye zaren mata da yawa, domin ƙoshiya ta fi mazari sauri nesa ba kusa ba. Saƙar maza kuwa siririya ce. Faɗinta bai wuce yatsu biyu ko uku ba, wata ma ba ta kai haka. Sai an jera layi da yawa, an haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura, kafin a sami abin da za a yanka riga. In ta baƙi ce, a kai marina a tsoma a baba, a fitar, a shanya, a sake tsomawa. Daga nan sai mabuga, inda ake dukanta har ta yi ƙyalli. Mutanen Alakos sun san irin wannan aiki, ko da ba a nan ake yin sa ba. Baƙin rawanin da Buzayenmu suke ji da shi, mai barin shuni a fuska, daga Kura yake fitowa, wani gari kudu da Kano. Sirara-siraran layuka ne aka haɗa shi da su.

Duk wannan kuwa ba a fara ado ba tukuna.

Akwai wani Bajamushe matafiyi, sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashenmu ya kira kansa Abdul Karim. Ya ratso Abzin da Damargu, ya shiga Kano cikin watan Fabrairu na 1851. Daga baya, cikin Disamba na 1852, ya biyo ta nan Gure daga Barno, ya ga Muniyoma Koso, ya wuce Damagaram. Mutum ne mai son lissafi. Abin da ya gani sai ya rubuta, har da kuɗinsa. Ya kimanta tufafin da ƙasar Kano take sayarwa waje a shekara ya kai na wuri miliyan 300. Ya ce ana kai su har Tumbutu, har Gat, har Turabulus. Amma ga lissafin da ya fi ba ni mamaki. Ya rubuta cewa rigar saƙi mai kyau, irin mai zanen zabo, tana kai wuri dubu 18 zuwa dubu 20. Ya kuma rubuta cewa da wuri dubu 50 ko 60 magidanci yana iya riƙe gidansa shekara guda cikin rufin asiri, ci da sha da sutura.

Tsaya ka yi lissafin da kanka. Dubu 20 sau uku shi ne dubu 60. Ke nan riga ɗaya daidai take da abin da gida zai ci wata huɗu. Ba zinariya aka saƙa a jikinta ba. Kwanakin mutane ne aka tara a ciki.

Zaren ado ma yana da nasa tarihin. Iri ɗaya na gida ne, ana ce masa tsamiya. Wata tsutsa ce take saƙa wa kanta gida a jikin itace. Mutane su ɗebo gidan, su dafa shi da ruwan toka har ya saki, su wanke, su kaɗa shi kamar auduga. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, yana da ƙarfi ƙwarai. Iri na biyu baƙo ne, shi ne alharini, jan siliki. Asalinsa ragowar siliki ne daga masaƙun Faransa da Italiya, a rina shi a bakin teku can arewa, a ɗora wa raƙuma daga Turabulus. Ayari ya bi ta Gadamas, da Gat, da Abzin, da Damargu, ya sauka Damagaram, sannan Kano. Tafiyar watanni ce. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, wannan hanya ta yi albarka sosai, Larabawa fatake suka zauna a garin. Ka ga hanyar ba ta da nisa da mu, domin Alakos tana maƙwabtaka da Damargu. Jirgin ƙasa ne ya kashe ta. Da ya iso Kano a 1911, kaya suka koma shigowa ta kudu, ta teku.

To, wa yake yin adon? Maza ne, kuma da yawansu malamai ne da almajirai. Dalili kuwa a fili yake. Kafin a soka allura sai an zana aikin a jikin riga da alƙalami da tawada. Wanda hannunsa ya saba da allo shi ya fi iya jan layi ya tafi daidai. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, babbar riga ta zama abin da sarki yake ba wanda ya naɗa, ko baƙon da yake so ya girmama. Aiki ya yawaita a Sakkwato, da Kano, da Zariya, da Bida ta ƙasar Nufe. Zanen yana da sunaye da ka sani. Akwai aska biyu, akwai aska takwas, wato dogayen harsunan nan masu tsini da suke sauka a ƙirji wajen aljihu. Akwai tambari, zagayayyen nan da yake nannaɗe kamar gammo. Akwai dagi. Riga ɗaya tana iya ratsa hannu uku ko huɗu a wajen ado kaɗai: mai zane dabam, mai cin wuya dabam, mai cike aska dabam.

Cikon nan shi ne wahala. A wasu riguna, ƙananan huji ake yi, kowane huji a kewaye bakinsa da zare, sannan a matsa a yi na kusa da shi. Ɗaruruwa ne a wuri kamar tafin hannu. Mutum ya wuni tun hantsi har la'asar, in ya tashi ya duba, abin da ya cike bai fi a rufe shi da yatsu ba. Shi ya sa ba a ƙidaya aikin babbar riga da kwanaki, da watanni ake ƙidaya shi.

Amma kada ka ɗauka mai aikin yana zaune a kai kullum. Da damina yana gona. Almajiri yana da karatun safe da na dare. Hasken rana shi ne fitilarsa, in magariba ta yi sai a naɗe. Saboda haka in wani ya ce maka ya gama riga a wata uku, wani ya ce shi wata shida, ba lalle na farkon ya fi hannu ba. Tambaye shi sa'a nawa yake zama a yini. Tambaye shi kaurin zarensa. Zare mai kauri yana cika wuri da wuri, siriri kuwa sai a hankali, amma shi ya fi kyau, ya fi daɗewa. Ni dai a ganina yawancin gardamar da ake yi a kan wane ya fi wane sauri, gardamar banza ce, don ba abu ɗaya ake aunawa ba.

Yanzu bari mu leƙa ƙasar Turai, don daga can saurin ya zo. A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keken ɗinki. Ya buɗe wurin aiki a birnin Pari da kekuna 80, suna ɗinka kayan soja. Teloli masu ɗinkin hannu suka ga abincinsu zai ƙare. A 1831 suka taru suka afka wa wurin, suka farfasa kekunan. Mutumin nan ya mutu matalauci a 1857. Amma fasa keke bai hana keke zuwa ba. A 1851, shekarar da Abdul Karim yake yawo cikin kasuwar Kano yana tambayar kuɗin riguna, wani mutumin Amurka mai suna Isaac Singer ya sami takardar mallakar nasa keken. Sunansa ne kake gani a jikin tsofaffin kekunan telolinmu. Mai ɗinkin hannu ƙwararre yakan soka allura kamar sau 30 ko 40 a minti ɗaya. Keken Singer kuwa yana iya kai 900. Raba 900 gida 30, za ka sami 30. Wato ɗinkin da hannu zai yi wata guda yana yi, keke ya gama shi a yini ɗaya. Ba a daɗe ba, cikin shekarun 1860, aka ƙera keken ado a Faransa, wanda ya yi suna da Cornely, mai yin ɗinki kamar sarƙa, ana juya shi da hannu ta ƙarƙashi. Shi da ƴan'uwansa ne suka cika shagunan masu surfani a biranenmu. Yanzu har akwai na kwamfuta, a sa masa zane ya yi ta yi da kansa.

Sai ka ce to aikin hannu ya mutu ke nan. Bai mutu ba, hannu ya sake. Maza da yawa suka koma kan keke, don a can kuɗi yake shigowa da sauri. Allura ta shiga cikin gida, wajen mata. Da hula suka fara. Hula ƙarama ce, mace tana iya ɗaukarta bayan ta sauke tukunya, ta ajiye in yaro ya yi kuka. A birnin Zariya, wajen shekarun 1970 da 1980, mata suka shiga aikin babbar riga ma, abin da a da ba a san su da shi ba. Lokacin kuɗin man fetur ne a Najeriya, ga kuma mulkin Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983, manya suna ta sayen manyan riguna. A 1994 wasu matan Zariya suka kafa ƙungiyar masu aikin hannu da sunan Sarauniya Amina, suna sayar da aikinsu har ƙasashen waje.

Hula ma tana ɗauke da sunayen tarihi. Wadda ake kira Zanna Bukar ta samo suna daga Zanna Bukar Dipcharima, wani minista ɗan Barno a farkon mulkin kai na Najeriya. Wadda ake kira Bama kuwa sunan gari ne a Barno, inda ɗinkin hula ya zama sana'ar gida-gida. Mai kyau daga cikinsu tana cin makonni, wata har fiye da wata guda. Cikin Satumba na 2014 ƴan Boko Haram suka kama garin Bama. Mutane suka gudu Maiduguri, ba gona, ba dabba, ba rumbu. Da yawa daga cikinsu, maza da mata, da allura da zare suka ci abinci a sansanin gudun hijira. Sana'a ce da ake iya gudu da ita a aljihu.

Ke mai karatu, ko kai, in kuna ɗinkin hula da rani, ga wani lissafi, misali ne kawai, ku sa naku kuɗin a wurin nawa. A ce hula ta ci miki kwana 20. A ce an saya jika 5, zare da ƙyalle sun ci jika 1. Saura jika 4. Raba jika 4 gida 20, kowace rana ta tashi dala 40. Yanzu tambayi kanki: dala 40 tana sayen me a kasuwa yau? Ki kuma tambaya nawa dillali ya sayar da ita a Damagaram bayan an wanke ta an ɗora a kan itace ta tsaya. Sau da yawa mai ɗinki ba ta san kwanakin da ta yi ba, sai ta ce "na daɗe ina yi". Mai saye kuwa ba ya biyan "na daɗe". Sami takarda, ki rubuta ranar da kika fara. Duk ranar da kika zauna aiki ki ja layi ɗaya, in rabin yini ne ki ja rabi. Ran da kika gama ki ƙidaya. Hula uku kika yi haka, za ki san irin zanen da yake biyan wahalarki da wanda yake cin idonki a banza.

Kai kuma mai saye, koma ga hular da na ce ka juya tun farko. In aikin keke ne, za ka ga ɗinkin ya tafi bai ɗaya kamar an auna, da zaren ƙasa yana bin bayansa layi-layi. In na hannu ne, za ka ga inda zare ya ƙare aka ɗaura wani, da inda ɗinki ya ɗan matse, da inda ya ɗan saki. A wajen da ya saki ɗin nan, watakila rana ce ta yi sanyi ido ya gaji, ko kuwa an kira ta daga ɗaki ta ajiye allura ta tashi.