Waiwaye: Yadda likitoci suka gano tushen ciwon farcen ƙafa

Hausawa na cewa kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Farcen babban yatsan ƙafa ɗan abu ne, amma idan gefensa ya nutse cikin nama, wurin ya kumbura ya fara fitar da mugunya, sai ka ga ƙato yana ɗingishi, takalmi ma ya gagare shi. Likitoci sun shafe fiye da shekara dubu suna fama da wannan ciwo kafin su kai ga tushensa.

Masanan farko a kan naman suka mai da hankali. Bulus na Ajina, likitan Girka na ƙarni na 7, da Abul Ƙasim az-Zahrawi na Andalus, marubucin littafin At-Tasrif, wanda ya rasu wajen 1013, duk sun bi hanya kusan ɗaya: a ɗaga gefen farcen, a yanke tsokar da ta tsiro a kansa, sannan a ƙona wurin. Waɗanda suka zo daga baya a Turai sun koma tsage farcen suna fizge shi, majinyaci kuwa ido biyu, ana danne da shi.

Tsananin wannan azaba ne ya sa farce ya shiga tarihin tiyata. Ranar 21 ga Disamba 1846, a Landan, Robert Liston ya yanke ƙafar wani mutum bayan an shaƙa masa sinadarin eta mai sa barci. A wannan rana kuma ya cire wa wani farcen babban yatsa bayan shi ma an shaƙa masa eta, domin a lokacin ana lissafa cire farce cikin ayyuka mafi zafi. Zuwa ƙarshen shekarun 1880, Oberst a Jamus ya nuna cewa allura a gindin yatsa ta isa ta kashe zafin, ba sai an sa mutum barci ba.

Zafi ya kau, amma wata matsala ta rage: farcen da aka cire yakan sake fitowa ya koma inda ya saba. Dalili kuwa shi ne, farce daga wata saiwa yake tsirowa, ƙarƙashin fatar da ke gindinsa. Matuƙar tana raye, aiki bai ƙare ba. Quénu a Faransa ya cire wannan saiwa a 1887. A 1929 Winograd a Amurka ya taƙaita aikin, ya yanke gefen farcen da ɓangaren saiwar da ke haifar da shi kaɗai, sauran farcen ya zauna lafiya. A 1950 Zadik a Ingila ya tsara yadda za a cire saiwar gaba ɗaya ga wanda farcensa ya lalace ƙwarai.

Sauyi mafi girma ya zo a 1945, lokacin da Boll ya yi amfani da sinadarin finol, mai kashe ƙwayoyin cuta, wajen ƙona saiwar maimakon yanke ta. Yau wannan hanya ce ta fi yaɗuwa: allura a yatsa, a zare siririn gefen farce, a shafa finol, ba ɗinki, majinyaci ya koma gida a ranar. Ciwon kuma bai cika dawowa ba.

Duk da wannan ci gaba, rigakafi ya fi magani. Mai karatu, ka yanke farcenka a miƙe, kada ka ƙwaƙule kusurwoyinsa, ka kuma guji matsattsen takalmi. Idan mai yankan farce zai yi maka, ka tabbata kayan aikinsa masu tsabta ne. In kuwa kana da ciwon suga kuma ka ga yatsa ya kumbura, kada ka sa masa reza, ka garzaya asibiti.