Daga Nivaquine Zuwa Ɗigon Jini

Na tashi a Zangon Wagadugu, tsohuwar unguwar Hausawa da ake kira Zangwetin, kafin a rushe ta a 2003. A gidanmu, da jikin yaro ya yi zafi, magana ɗaya ce: a ba shi Nivaquine. Gwaggona ma'aikaciyar jinya ce, kuma haka aka koyar da ita: zazzaɓin damina na cizon sauro ne, maganinsa kulorokin, wato Nivaquine ɗin nan.

Ashe ƙwayar cutar ta fara gagarar maganin. An soma ganin haka a gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, daga baya abin ya iso yamma. Wata damina ƙanena ya shanye maganin tas, zazzaɓin bai sauka ba, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Gwaggo ta ce ƙila amansa ya yi. Ba ta zargi ƙwayar da ta saba da ita ba.

Masu bincike ne suka bi yara suna ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda ciwon ya dawo musu. A kan wannan hujja Burkina Faso ta sauya a 2005, ta koma magungunan haɗi masu sinadarin atemisinin. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da magani.

Nan ne aikin ya yi wa Gwaggo wuya. Sauya takarda a ma'aikata abu ne mai sauƙi. Ita ce za ta dubi uwa da yaro a goye ta ce gwaji bai nuna cutar ba. Mata suka riƙa cewa ta yi rowar magani, wasu suka koma wurin masu talla. Ta daure, ta koyi neman wani dalilin zazzaɓin: kunne, ƙirji, fitsari. Ta ce a nan ta gane yawan yaran da a da ta yi wa maganin abin da ba shi ke damunsu ba.

Yanzu ta yi ritaya. In jika ya yi zazzaɓi, ba ta buɗe akwatin magani. Mayafinta take ɗauka ta ce, "Mu je a ɗiga jini tukuna."