Waiwaye Kan Cinikin Najeriya da Ƙasashen Waje: Daga Gyaɗa Zuwa Rarar 2024

A watan Afrilun 2025 Babban Bankin Najeriya ya fitar da lissafin shige da ficen kuɗi tsakanin ƙasar da sauran duniya na shekarar 2024. Abin da ya shigo ya zarce abin da ya fita da dala biliyan 6.83, bayan shekara biyu a jere ana cikin giɓi. A ɓangaren kaya kaɗai, abin da aka sayar waje ya fi abin da aka sayo da dala biliyan 13 da 'yan kai, asusun ajiyar kuɗin waje kuma ya rufe shekarar a sama da dala biliyan 40. A cikin wannan shekarar dai matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agusta, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba.

Labaran biyu ba su ƙaryata juna ba. Ƙasa kan samu rara ta hanya biyu: ko ta ƙara abin da take sayarwa, ko mutanenta su rage abin da suke saya. Wanda ya bi tarihin cinikin Najeriya zai tarar duk sanda tura ta kai bango hanya ta biyu ake kamawa, domin ita ce ake iya zartarwa da sanarwa guda.

Lokacin da kuɗin waje ke bi ta gona

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ba a jima ba gyaɗa ta zama babbar hajar Arewa. Attajirai irin su Alhassan Dantata suna tara ta buhu kan buhu kafin a yi lodinta zuwa Legas. Yamma na da koko, Gabas na da manja da ƙwarar kwakwa, Jos na da kuza, ga auduga da fatu da ƙiraga. Har zuwa samun mulkin kai a 1960, amfanin gona ne ke kawo mafi yawan kuɗin da ƙasar ke samu daga waje.

Ba zamani ne marar aibi ba. Ɗanyen kaya ake fitarwa, hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa tun ƙarshen shekarun 1940 kuma suna saye da araha a hannun manomi su sayar da tsada a Ingila, ribar ta tafi baitulmalin gwamnatocin yankuna. Amma hajar na da yawa, kuma kuɗin sai sun ratsa ta hannun miliyoyin manoma da dillalai da 'yan dako kafin su kai ga hukuma. Gwamnatin da ke son kuɗin shiga dole ta damu da damina.

Mai ya sauya lissafi

An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, Najeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. Da farashi ya ninka kusan sau huɗu bayan yaƙin Gabas ta Tsakiya na 1973, mai ya mamaye sama da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da ake samu daga fitar da kaya. A daidai lokacin fari ya ci Arewa, wata cuta kuma ta afka wa gyaɗa a 1975. Naira, wadda aka fara amfani da ita a 1973, ta yi ƙarfin da a 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. Da irin wannan canji, shinkafar waje da alkama da daskararren nama sun fi na gida araha, mai noman koko ko auduga kuma ba ya mayar da kuɗin wahalarsa. A 1975 aka yi odar siminti fiye da kima, har ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi watanni a bakin Legas suna jiran saukewa, ana biyansu kuɗin jira.

Babban sauyin da mai ya kawo shi ne ya mayar da kuɗin waje ƙofa ɗaya, ƙofar gwamnati. Daga nan arziki ya daina dogara da abin da mutum ya shuka ko ya ƙera, ya koma kan wanda aka ba izinin karɓar dala. Kusan duk rikicin canji da aka yi tun daga lokacin, daga wannan tushe ya taso.

Lasisi, layi da gwanjo

Da farashin mai ya fara sauka a 1981, gwamnatin Shehu Shagari ta ɓullo da dokar tsuke bakin aljihu a 1982, aka tsananta lasisin shigo da kaya. Lasisin da kansa ya zama haja, ana sayar da shi hannu da hannu, talakawa kuma suna bin layin madara da sukari da sabulu. Gwamnatin Janar Buhari ta gwada musayar ɗanyen mai da kaya kai tsaye da ƙasashe irin su Brazil. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP: aka soke lasisin, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka fara gwanjon dala a watan Satumba, nan take ta koma wajen Naira huɗu. Zamanin Janar Abacha kuma aka ɗaure farashin hukuma a Naira 22, alhali a kasuwa ta haura 80. Wanda ya samu dalar hukuma ba ya buƙatar wata sana'a.

Shekarun 2000 sun zo da sauƙi. A 2005, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, ƙasashen ƙungiyar Paris Club suka yafe bashin dala biliyan 18, Najeriya ta biya ragowar biliyan 12 da ɗoriya. Gangar mai ta kai dala 147 a 2008, ajiyar kuɗin waje ta kai kusan biliyan 62. Sai dai a ƙarƙashin wannan wadata ɓarna na tafiya. Matatun Fatakwal da Warri da Kaduna sun gaza, ƙasa mai arzikin mai ta koma sayo fetur daga Turai. Masaƙun Kakuri a Kaduna da na Bompai da Sharaɗa a Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kasuwar Kantin Kwari ta cika da atamfar Sin. Kasuwar man ma ta juya: Amurka, wadda a 2010 ke sayen ganga kusan miliyan ɗaya a kullum, ta haƙo nata, har a watan Yulin 2014 ba ta sayi ko ganga ɗaya ba. Indiya da ƙasashen Turai suka maye gurbinta.

Rufe ƙofa, 2015 zuwa 2023

Farashin mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016. Babban Bankin a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya koma ga tsohon magani. A watan Yunin 2015 aka hana masu shigo da kaya iri 41 sayen dala a banki, ciki har da shinkafa da siminti da yadi da tumatirin gwangwani, har da tsinken sakace da turaren Indiya. An riƙe Naira a wajen 197 tsawon fiye da shekara, ajiya ta zube zuwa kusan biliyan 24, tattalin arziki ya karye a 2016, dala ta haura Naira 500 a hannun 'yan canji a farkon 2017.

A watan Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wata guda bayan haka ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. An yi haka ne don tare shinkafar da ake saukewa a Kwatano a biyo da ita ta Benin da Nijar. Injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano da Kebbi, wannan ba a musu. Amma farashi ya tashi, fasa-ƙwauri ya koma hanyoyin daji, fatake masu cinikin halas tsakanin Katsina da Maraɗi ko Illela da Ƙonni kuma suka ji a jikinsu.

Shekarar 2022 ce ta tona asirin tsarin. Yaƙin Yukren ya ɗaga farashin mai, sauran ƙasashen OPEC suna ta tara kuɗi, amma satar mai da fasa bututu sun jawo haƙon Najeriya ƙasa da ganga miliyan ɗaya a kullum a watannin Agusta da Satumba. Abin da aka samu kuma tallafin fetur ya lamushe, sama da Naira tiriliyan huɗu a shekara guda. Kamfanonin jiragen sama na waje suka kasa fitar da ɗaruruwan miliyoyin dalolin tikitin da suka sayar, alkawuran dala da Babban Bankin bai cika ba suka taru har wajen biliyan bakwai.

Abin da ya sauya tun 2023

Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a tsakiyar Yuni aka haɗe farashin canji wuri guda, a Oktoba aka ɗage haramcin dala kan kayan nan, waɗanda a lokacin sun kai 43. Dalar da take wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Nan ne ɗaya rabin rarar ya fito. Kayan da ba na mai ba da aka shigo da su a 2024 sun ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari, ba don an ƙera madadinsu a gida ba, sai don ɗan kasuwar da ke odar kwantena biyu ya koma ɗaya, mai saye kuma ya haƙura. Kujerar Hajji, wadda ba ta kai Naira miliyan uku ba a 2023, ta haura miliyan shida a 2024, har aka kasa cike kujeru 95,000 da Saudiyya ta ware. Duk maniyyacin da ya fasa, dala ce ta zauna a gida, kuma ta shiga lissafin rara.

Ɗaya rabin kuwa ci gaba ne na haƙiƙa. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a kullum, ta fara fitar da dizal da man jirgin sama a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumba. Kuɗin da aka kashe wajen sayo tataccen mai ya ragu da fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekarar, kuma man jirgin sama na Najeriya ya fara isa Turai da Amurka. Sai dai ɗanyen man gida bai wadaci matatar ba, tana sayowa daga waje, har a watannin Fabrairu da Maris na 2025 ɗanyen man da Amurka ta sayar wa Najeriya ya fi wanda ta saya a hannunta. 'Yan Najeriya mazauna waje kuma sun aiko da kusan dala biliyan 21, kuma tunda farashin banki ya matso kusa da na kasuwa, kaso mai yawa ya dawo bin hanyar hukuma. Iskar gas da takin yuriya sun ƙara kasuwa, koko kuma ya ci gajiyar tashin farashinsa sama da dala 10,000 kan tan guda.

A kasuwar Dawanau ta Kano ake ganin abin a zahiri. Bayan kaka, motoci na shigowa da riɗi da zoɓo da citta da waken suya. A cikin manyan sito-sito injina na tankaɗe tsakuwa, mata na zaune suna tsince datti daga zoɓo, 'yan dako na jera buhuna a tirela mai tafiya tashar jiragen ruwa ta Legas. Dillali kafin ya yanke farashin riɗi sai ya buga waya ya ji yadda dala ta kwana a kasuwar 'yan canji ta Wapa, domin mai sayen na ƙarshe yana Sin ko Japan ko Turkiyya, na zoɓo kuma yana Meziko. Faɗuwar Naira ta sa manomin riɗi ya ƙirga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, amma taki da maganin feshi da kuɗin mota sun bi sawu. Kuma riɗin ɗanye yake tafiya, a can ake matse mansa. Wake kuwa, Tarayyar Turai ta hana shigar da na Najeriya tun 2015 saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya.

Inda rauni yake

Akwai adadi biyu a lissafin 2024 da ya kamata a ajiye gefe da gefe. Kuɗin 'yan ƙasashen waje masu sayen takardun bashin gwamnati da hannayen jari sun ninka, sun haura dala biliyan 13, saboda Babban Bankin a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari. Jarin waje na masu kafa masana'anta da gina wurin aiki kuwa ya faɗo zuwa biliyan ɗaya da kaɗan. Na farkon baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne: ranar da gangar mai ta faɗi ko wata kasuwa ta fi biya, sai a wayi gari ya tafi. Haka ya yi a 2015, haka ya yi a 2020.

Har yanzu ɗanyen mai da iskar gas su ne kaso mafi rinjaye na abin da Najeriya ke sayarwa, kayan da ba na mai ba kuma ba su kai dala biliyan takwas ba a 2024. Lasisin 1982 da gwanjon 1986 da jerin kaya 41 da rufe iyaka da sakin Naira duk hanyoyi ne na raba dalar da ke hannu. Ƙara yawanta aiki ne na daban, kuma ba ya yiwuwa da sanarwa: wutar da za ta juya injin matse riɗi a Kano, tsaron da zai mayar da manomin Zamfara da Katsina gonarsa, ɗakin gwajin da Turai za ta yarda da takardarsa, da hanyar da tirela za ta bi daga Dawanau zuwa bakin teku ba tare da shingaye barkatai ba. Za a san ko rarar nan ta kafu ne ranar da jama'a suka samu sukunin komawa saye kamar da, lissafin kuma bai koma giɓi ba.