Daga Latin zuwa Hausa: taken da jama'a ba su ji, na wa ne?

Wata rana a ajina, nan Mayahi, wani yaro ya nuna "N.B." da na rubuta a ƙasan allo ya ce, "Mushe, wannan Faransanci ne?" Na ce masa a'a, Latin ne, "nota bene", wato "lura da kyau". Sai ya ce, "To me ya hana a rubuta haka nan?" Shekara ashirin ina riƙe da alli, ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba.

Latin harshen Rumawa ne, kuma shi ya haifi Faransanci. Daular Rum ta yamma ta faɗi a shekarar 476, amma harshen ya ci gaba da sarauta a coci da kotu da makaranta, alhali manomi ba ya jin sa. A 813 taron limaman Kirista a garin Tours ya ba da umarnin a riƙa wa'azi da harshen talakawa. Sai a 1539 Sarki François na Ɗaya ya kafa dokar Villers-Cotterêts, wadda ta sa Faransanci a gurbin Latin cikin takardun shari'a. Ashe su ma sun daɗe ana yanke musu hukunci da harshen da ba su ji.

Duk da haka Latin ya maƙale a take da tambari. Taken birnin Paris shi ne "Fluctuat nec mergitur": igiyar ruwa na dukan jirgin, amma ba ya nutsewa. Bahaushe zai ce ana girgiza kuka, tana nan tsaye. Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ta ɗauki "Recte sapere fons", wato tunani madaidaici shi ne tushe. Kwalejin Barewa ta Zariya kuwa Larabci ta zaɓa, "Man jadda wajada", kuma kowane almajiri ya san fassararsa: wanda ya dage ya samu.

Mu a Nijar, Faransanci ne ya zama Latin ɗinmu. Taken ƙasa, "Fraternité, Travail, Progrès", yana saman kowace takardar hukuma, amma tsohuwar da ta zo karɓar takardar haihuwar jikanta ba ta san me ya ce ba. Da na sa ɗalibaina su fassara shi, "aiki" da "ci gaba" ba su ba mu wuya ba. Kalmar farko ce ta raba aji biyu. Wasu suka ce ƴan'uwantaka, wasu suka ce zumunci. Wata yarinya ta ce ƴan'uwantaka haihuwa ce ke ba da ita, zumunci kuwa a ƙafa yake, sai an taka. Muka tsaya a kan nata.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne aikin fassara, kuma ba na manyan Yamai kaɗai ba ne. Ni dai yanzu "lura da kyau" nake rubutawa a ƙasan allona.